Gasar National League ta Ingila: tambayoyi da amsoshi kan rukuni na biyar da ƙofarsa mai ƙunci

Duk wanda ya saba zama gidan kallo ranar Asabar ya san Firimiya ciki da bai. Wasu sun san Championship, musamman waɗanda ƙungiyarsu ta taɓa faɗawa can. Daga nan kuma sai labari ya fara ɗaukewa. Amma tun da Wrexham ta yi suna a duniya, Luton Town kuma ta hau Firimiya a 2023, tambayoyi suka yawaita a kan gasar da waɗannan ƙungiyoyi biyu suka fito daga cikinta. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Mece ce National League, kuma a wane mataki take?

Ita ce rukuni na biyar a ƙwallon ƙafar Ingila. Firimiya ce a sama da ƙungiyoyi 20, sai Championship, League One da League Two, kowacce da ƙungiyoyi 24. Idan ka haɗa su za ka samu 92. Duk ƙungiyar da ba ta cikin waɗannan 92 ɗin, Turawan Ingila suna kiran ta non-league, wato wadda take wajen manyan rukunai huɗu. Ba wai ba ta buga gasa ba ne. Gasa kam akwai ta birjik, daga manyan birane har ƙauyuka, an jera su hawa-hawa, kuma National League ce a ƙololuwarsu. Ita kaɗai ce a cikinsu ake bugawa a faɗin ƙasar baki ɗaya ba tare da an raba ta shiyya-shiyya ba, ita ce kuma kaɗai ƙofar shiga League Two.

Daidai take da National League ta Najeriya ke nan?

Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ta Najeriya, wato NNL, rukuni na biyu ce, daga ita sai gasar ƙwararru ta NPFL inda Kano Pillars da Enyimba suka yi suna. Ta Ingila kuwa akwai rukunai huɗu a samanta.

Kafin a kafa ta, ta yaya ƙaramar ƙungiya ke shiga manyan rukunai?

Da ƙuri'a, ba da ƙwallo ba. Wannan shi ne tushen labarin gaba ɗaya, wanda bai fahimce shi ba ba zai gane dalilin rigimar da ake yi har gobe ba.

A wancan zamani, idan kaka ta ƙare, ƙungiyoyi huɗu na ƙasan teburin rukuni na huɗu ba sa faɗawa ko'ina. Sai dai su rubuta takardar neman a sake zaɓen su. Ƙungiyoyin waje masu son shigowa su ma su kawo tasu takardar, a haɗu a taron shekara-shekara na Football League, hukumar manyan rukunan huɗu a lokacin, a jefa ƙuri'a. To su wa ke jefa ƙuri'ar? Shugabannin ƙungiyoyin da ke ciki. Kowa kuma ya san gobe shi ma zai iya samun kansa a ƙasan teburi yana roƙon alfarma, saboda haka sai ya zamana ka rufa mini asiri in rufa maka. Hartlepool sau 14 tana neman a sake zaɓen ta, ba a taɓa korar ta ba ko sau ɗaya.

Lokaci-lokaci ƙofar takan ɗan buɗe. Peterborough United ta shiga a 1960 a madadin Gateshead. Cambridge United ta shiga a 1970, Hereford United ta maye gurbin Barrow a 1972, Wimbledon ta karɓi na Workington a 1977, sai Wigan Athletic da ta ture Southport a 1978, ita ma sai da aka yi kunnen doki a ƙuri'ar farko aka sake jefawa. Dubi abin da waɗanda aka bari suka shigo suka yi daga baya: Wimbledon ta ci kofin FA a 1988, shekara 11 kacal da shigarta, Liverpool ta doke a wasan ƙarshe. Wigan ita ma ta ci kofin a 2013. Sai mutum ya tambayi kansa, ƙungiyoyi nawa irinsu aka danne a bakin ƙofa har suka gaji? Barrow da aka kora a 1972 ba ta sake komawa ba sai 2020, bayan shekara 48.

Yaushe aka kafa gasar, kuma su wa suka fara ta?

A 1979, da sunan Alliance Premier League. Ƙungiyoyi 20 ne suka fara, 13 daga Southern League ta kudu, bakwai daga Northern Premier League ta arewa. Ƙungiyoyin Isthmian League, ta yankin Landan da kewaye, ba su shiga da farko ba, sai daga baya.

Hikimar a bayyane take. A da ƙungiyoyin waje da yawa ne ke neman shiga a shekara guda, sai ƙuri'unsu su rarrabu, kowa ya tashi da ɗan kaɗan. Sai suka ce bari mu haɗa zaratan kudu da na arewa a gasa ɗaya, wanda ya zama zakara shi ne ɗan takararmu, mu ga da wane ido za a kalle shi a ce bai cancanta ba.

An kuwa kalle shi an ce bai cancanta ba. Altrincham, daga gefen Manchester, ita ta ci kaka biyu na farko a jere. A 1980 ƙuri'a ɗaya tak ta hana ta shiga: Rochdale, wadda ta ƙare a can ƙarshen rukuni na huɗu, ta samu 26, Altrincham ta samu 25. Har yau Altrincham ba ta taɓa taka League Two ba. Bayanta Runcorn, Enfield, Maidstone United da Wealdstone duk sun zama zakaru, babu wadda aka zaɓa. Daga 1979 zuwa 1986 ko ƙungiya ɗaya ba ta haura ba.

A waɗannan shekaru ne kuma gasar ta gwada wani tsari da ba a saba gani ba. Daga 1983 zuwa 1986, wanda ya ci wasa a waje maki uku ake ba shi, wanda ya ci a gida maki biyu, don a zaburar da baƙi su daina zuwa tsare gida. Daga baya aka watsar.

To yaushe aka daina ƙuri'a?

Kakar 1986/87. Daga ita aka amince zakaran rukuni na biyar ya haura kai tsaye, ta ƙarshe a rukuni na huɗu ta faɗo. Scarborough ce ta fara cin wannan gajiya, a hannun wani matashin koci mai suna Neil Warnock, wanda daga baya ya horar da ƙungiyoyi da dama har a Firimiya.

Ranar ƙarshe ta waccan kaka ta shiga tarihi. Ƙungiyoyi uku ne ke cikin haɗari: Burnley, wadda ta taɓa zama zakaran Ingila baki ɗaya a 1960, da Torquay United da Lincoln City. Burnley ta doke Orient 2-1 ta tsira. Torquay kuwa Crewe na cin ta 2-1 ana daf da tashi, sai karen 'yan sanda da ke bakin fili ya ga ɗan bayan Torquay, Jim McNichol, ya nufo wajen da gudu, ya zaci mai riƙe da shi zai kai wa hari, ya kafa masa haƙora a cinya. Aka tsayar da wasa ana yi masa magani. A cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara saboda wannan cizo ne Paul Dobson ya farke, aka tashi 2-2. Lincoln ta sha kashi a Swansea, ta zama ta farko da ta faɗo, da bambancin ƙwallaye kawai. Ba ta daɗe ba, kaka ɗaya ta yi ta koma.

Irin wannan tashin hankali na ranar ƙarshe ya sake faruwa a 1999, lokacin da golan aro na Carlisle United, Jimmy Glass, ya baro ragarsa ya zo bugun kusurwa a daƙiƙar ƙarshe ya zura wa Plymouth ƙwallo. Wadda ta faɗo a madadin Carlisle ita ce Scarborough ɗin nan da ta fara haurawa.

An taɓa samun zakaran da bai haura ba bayan an daina ƙuri'a?

Sau uku a jere. Kidderminster Harriers a 1994, Macclesfield Town a 1995, Stevenage Borough a 1996. Dukkansu an ce filinsu bai cika sharuɗɗa ba a ranar da aka tsayar don dubawa, ranar kuwa tana zuwa ne tun kafin a san wanda zai zama zakara. Maganar tsaron 'yan kallo ba abin wasa ba ce, don gobarar filin Bradford City ta 1985 ta ci rayuka 56, rumfar Kidderminster ma ta katako ce. Amma wanda ya ci kaka guda da guminsa aka ce ya zauna, ita kuma ta ƙarshe a sama, wato Northampton, Exeter da Torquay bi da bi, ta ci gaba da zamanta, dole ya ji an zalunce shi. Stevenage har kotu ta je ba ta yi nasara ba. Macclesfield ta gyara fili ta sake cin gasar a 1997, Kidderminster a 2000, ita kuwa Stevenage sai 2010.

Sharuɗɗan suna nan har yanzu. A 2024 an hana Gateshead buga wasannin cike gurbi duk da ta samu cancanta a teburi, saboda ba ta da tabbacin riƙe filin da take haya na shekara goma. Akwai kuma batun ciyawar roba. National League ta yarda da ita, kuma ƙananan ƙungiyoyi na son ta, don ana bayar da hayar fili safe da yamma ga makarantu da 'yan unguwa a samu kuɗin shiga. League Two ba ta yarda ba. Harrogate Town a 2020, Sutton United a 2021 da Bromley a 2024, kowacce sai da ta ɓamɓare robar ta shuka ciyawa kafin ta shiga.

Yaya tsarin gasar yake a yanzu?

Rukunai uku ne a ƙarƙashin hukuma ɗaya, kowanne da ƙungiyoyi 24, jimilla 72. Babban shi ne National League. A ƙarƙashinsa, a mataki na shida, akwai National League North da National League South, waɗanda aka ƙirƙiro a 2004.

A babban rukunin kowace ƙungiya na buga wasa 46, gida da waje. Ta ɗaya ta haura League Two kai tsaye, ta biyu zuwa ta bakwai su tafi wasannin cike gurbi don neman kujera ɗaya da ta rage. Huɗun ƙarshe su faɗa arewa ko kudu. Daga kowanne cikin rukunan biyu na ƙasa kuma ƙungiyoyi biyu ke hawowa, zakara da wadda ta ci cike gurbi.

Rabon arewa da kudu ba iyaka ce tsayayya ba. Duk shekara ana duba taswira a ga inda ƙungiyoyi 48 ɗin suke a raba su biyu, shi ya sa za ka ga ƙungiya daga tsakiyar ƙasar, wani lokaci ma wadda ke kusa da Landan, an tura ta rukunin arewa. A babban rukunin kuwa ba ruwan kowa da nisa. Truro City ta yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yamma, ta hawo a 2025, kuma tsakaninta da Gateshead akwai fiye da kilomita 700, tafiyar da ta fi ta Kano zuwa Maiduguri. A mota ake yin ta, kuma akwai magoya bayan da ke bi.

Yaya ake buga wasannin cike gurbin?

An fara su a 2003, shekarar da aka ƙara kujerar haurawa ta zama biyu. Doncaster Rovers ce ta fara ci, ta doke Dagenham & Redbridge 3-2. Da farko ƙungiyoyi huɗu ne ke bugawa gida da waje. Daga kakar 2017/18 aka mayar da su shida, wasa ɗaya-ɗaya ba ramuwa. Ta huɗu ta karɓi ta bakwai, ta biyar ta karɓi ta shida. Ta biyu da ta uku suna hutawa, su jira waɗanda suka yi nasara a gidajensu. Wasan ƙarshe a Wembley aka saba yin sa. A 2025 mutum 52,115 ne suka kalli Oldham Athletic ta doke Southend United 3-2 bayan ƙarin lokaci. Wasan rukuni na biyar fa ke nan.

Me ya sa ake ta kiran a mayar da masu haurawa uku?

Saboda lissafin bai yi daidai ba. Daga Championship uku ke hawa Firimiya. Daga League One uku ke hawa. Daga League Two har huɗu ke hawa, amma biyu kacal ke faɗowa daga cikinta. Wato an faɗaɗa mata ƙofar sama, an ƙuntata ta ƙasa. Sakamakon haka ƙungiyoyi masu ƙarfi suka taru a National League suna cin junansu.

Ga abin da hakan ke haifarwa. A 2011/12 Wrexham ta tara maki 98, Fleetwood Town ta fi ta, ta je cike gurbi Luton ta fitar da ita, ta ci gaba da zama a rukunin har wasu shekaru 11. A 2022/23 aka yi tseren da ba a taɓa ganin irinsa ba. Wrexham ta gama da maki 111, Notts County da 107. Macaulay Langstaff na Notts ya ci ƙwallo 42, Paul Mullin na Wrexham ya ci 38. Ranar 10 ga Afrilu 2023 suka haɗu a gidan Wrexham, masu gida na gaba da 3-2, aka ba Notts fenareti a mintunan ƙarshe, Ben Foster, tsohon golan Manchester United da ya dawo daga ritaya, ya faɗi dama ya ture ƙwallon. Kusan a wannan daƙiƙa aka yanke wanda zai zama zakara. Notts County da makinta 107 sai da ta bi ta cike gurbi, ta sha da ƙyar a hannun Boreham Wood, sannan ta ci Chesterfield da bugun fenareti a Wembley, alhali ta ba Chesterfield ɗin tazarar maki 23 a teburi. Allah Ya taimake ta ta haye. York City ba ta samu wannan sa'a ba a 2025. Ta zo ta biyu da maki 96, Oldham da ta zo ta biyar ta same ta har gida ta ci ta 3-0, aikin wata tara ya tafi a dare ɗaya.

Masu adawa kan ce ƙungiyoyin ƙasa ba za su iya jure League Two ba. Tarihi bai goya musu baya ba. Daga 1987 zuwa ƙarshen kakar 2024/25 babu ƙungiyar da ta haura ta faɗo a kakarta ta farko. Akasin haka ma aka fi gani: Wycombe, Stevenage, Crawley Town, Bristol Rovers, Tranmere da Wrexham duk sun haura, suka sake haurawa a shekarar da ta biyo.

A farkon 2025 dukkan ƙungiyoyi 72 suka haɗa baki suka ƙaddamar da fafutukar da suka kira 3UP. Matsalar ita ce ƙungiyoyin EFL, wato na Championship, League One da League Two, su ne za su jefa ƙuri'ar amincewa, kuma duk wadda ta faɗo tana asarar kaso mai tsoka na kuɗin talabijin da tallafin da ke gangarowa daga Firimiya. A ganina wannan ita ce ƙuri'ar da ta hana Altrincham a 1980, ta dawo da sabuwar riga. Kujera ta uku haƙƙi ce. Ita kanta ƙungiyar League Two da ke tsoron faɗowa, ita za ta fi kowa amfana da faffaɗar hanyar komawa ranar da ƙaddara ta faɗa mata.

Me ya sa wasu ke ce mata Conference?

Sunanta ke nan daga 1986 zuwa 2015, kuma tsofaffin magoya baya ba su daina ba. Masu ɗaukar nauyi ma sun yi ta canzawa: Gola, Vauxhall, Nationwide, Blue Square, Skrill, Vanarama, sai Enterprise daga 2025.

'Yan wasan ƙwararru ne ko 'yan dagaji?

A farko kusan kowa na da aikinsa. Malamin makaranta, mai gyaran famfo, direba, su yi atisaye daren Talata da Alhamis, su buga wasa Asabar a ba su ɗan abin da ya samu. Yanzu abin ya juya, mafi yawan ƙungiyoyin babban rukunin cikakkun ƙwararru ne, ƙwallo ce sana'arsu, wasu ma albashinsu ya fi na takwarorinsu na League Two. Akwai 'yan ƙalilan da har yanzu ke haɗawa da wani aikin, kuma a rukunan arewa da kudu su ne suka fi yawa. Ƙungiyar da ɗan bayanta ya wuni a kan tsani yana aikin rufi, da yamma ya shiga mota zuwa wasan waje, ita ce za ta kara da wadda ke da likita da mai nazarin bidiyo. Wannan rata na cikin abin da ke sa gasar daɗin bi, tana kuma cikin abin da ke jefa ƙananan cikin bashi.

Akwai manyan ƙungiyoyi da suka taɓa faɗowa nan?

Da yawa. Notts County da aka kafa a 1862, wadda ake ɗauka mafi tsufa cikin ƙungiyoyin ƙwararru a duniya, ta faɗo a 2019. Oldham, ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe Firimiya a 1992, ta faɗo a 2022, ita ce ta farko da ta taɓa buga Firimiya ta gangaro har nan. Oxford United mai kofin League Cup na 1986 ta yi shekara huɗu a ciki. Yeovil Town ta ci gasar a 2003, ta kai Championship a 2013, zuwa 2023 kuma ta samu kanta a National League South.

Labarin Luton Town ya fi kowanne. A 2008/09 an zaftare mata maki 30 saboda matsalolin kuɗi da saɓa ƙa'ida, ta faɗo. Kaka biyar ta yi tana fama, sau uku tana zuwa cike gurbi tana dawowa hannu rabbana, har da na 2011 da AFC Wimbledon, ƙungiyar da magoya baya suka kafa da hannunsu a 2002, ta cinye ta da fenareti. A 2014 ta zama zakara, a 2023 ta doke Coventry City a Wembley ta hau Firimiya. Pelly Ruddock Mpanzu ya buga mata a kowane mataki, daga na biyar har na ɗaya. Wrexham kuma, bayan Ryan Reynolds da Rob McElhenney sun saye ta a 2021, ta fita daga zaman shekara 15, ta haura sau uku a jere har Championship a 2025.

Wadda ta fi kowa cin kofin gasar ita ce Barnet ta arewacin Landan: 1991, 2005, 2015 da 2025.

Ana cewa ƙungiyoyi na rushewa a wannan mataki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, abin takaici. Scarborough ta rushe a 2007, Halifax Town a 2008, Chester City a 2010, Rushden & Diamonds a 2011, Hereford United a 2014, Macclesfield Town a 2020. Salon kusan ɗaya ne. Kuɗin shiga kaɗan ne, yawancinsa daga tikiti da ɗan abin da ake sayarwa a fili. Kujerar haurawa biyu ce. Sai mai ƙungiya ya yi ta zuba kuɗin aljihunsa don ya riga kowa, ranar da ya gaji ko kasuwancinsa ya karye, albashi ya tsaya, hukumar haraji ta kai ƙara kotu. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne a duk garuruwan nan ba a bari sunan ya mutu ba, an kafa sabuwa daga can ƙasa ta fara hawa daga farko. Dokar da majalisar Birtaniya ta zartar a 2025, wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta don sa ido kan kuɗi da masu mallakar ƙungiyoyi, ta haɗa har da babban rukunin National League.

Waɗanne kofuna suke bugawa ban da gasar?

Nasu na kansu shi ne FA Trophy, wanda aka fara a kakar 1969/70, ana kuma buga wasan ƙarshensa a Wembley. Wealdstone ce ta fara haɗa shi da kofin gasar a shekara guda, a 1985.

Amma inda duniya ke ganin su shi ne kofin FA. Sutton United ta fitar da Coventry a 1989, ƙasa da shekara biyu bayan Coventry ɗin ta ɗaga kofin. Luton ta je gidan Norwich ta Firimiya ta ci 1-0 a 2013. Lincoln City ta doke Burnley a gidan Burnley a 2017 ta kai zagayen kwata fainal, abin da wata ƙungiyar non-league ba ta yi ba tun 1914, kafin Arsenal ta tsayar da ita. A 2024 Maidstone United ta rukuni na shida, a hannun koci George Elokobi haifaffen Kamaru, ta ci Ipswich Town 2-1 a gidan Ipswich. A Janairun 2026 kuma sabuwar Macclesfield, magajiyar wadda ta rushe, ta fitar da Crystal Palace mai riƙe da kofin da ci 2-1. Shi ya sa soke wasan maimaici da aka yi daga kakar 2024/25 ya yi wa ƙananan ƙungiyoyi ciwo. A da idan ka riƙe babba canjaras a gidanka, za ka bi shi gidansa a raba kuɗin tikiti, kuɗin da ka iya riƙe ƙungiya shekaru. Tamworth ta riƙe Tottenham babu ci har minti 90 a Janairun 2025, maimakon tafiya Landan sai aka shiga ƙarin lokaci aka ci ta 3-0.

Akwai shahararrun 'yan wasa da suka fito daga nan?

Jamie Vardy ne kowa ke fara ambata. Yana aiki a masana'anta yana buga wa Stocksbridge Park Steels, ya koma Halifax, ya ci wa Fleetwood ƙwallo 31 a 2011/12, Leicester City ta saye shi fam miliyan ɗaya. A 2016 ya ɗaga kofin Firimiya, daga baya ya yi wasa tare da Ahmed Musa, Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho. Kafin shi akwai Stuart Pearce da Vinnie Jones daga Wealdstone. Jarrod Bowen a Hereford ya fara, Dan Burn a Darlington. Cikin 'yan Super Eagles, Semi Ajayi ya yi zaman aro a Dartford, Joe Aribo kuma daga Staines Town Charlton ta ɗauko shi. Antoine Semenyo na Ghana ya yi aro a Bath City yana matashi.

Yaro daga Kano ko Damagaram zai iya zuwa ya fara daga nan kamar Vardy?

A nan sai a yi hattara sosai. Duk waɗanda aka lissafa a sama a Ingila suka tashi, suna da izinin zama da aiki. Ɗan wasa daga waje yana buƙatar takardar izinin aiki da amincewar hukumar FA, ana kuma duba wasanninsa a tawagar ƙasa da irin gasar da ya fito. Bizar ziyara ba ta ba mutum damar buga ƙwallon albashi. Duk dillalin da ya ce a sayar da fili ko gona a ba shi kuɗi zai kai yaro gwaji wata ƙaramar ƙungiyar Ingila, a nemi ganin lasisinsa na FIFA, a kuma tuntuɓi ƙungiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta kafin a fitar da ko sisi.

Yaushe ake buga wasannin, kuma a ina za a kalla?

Ana farawa a watan Agusta a gama wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sannan cike gurbi ya biyo baya. Yawancin wasanni ranar Asabar ne da ƙarfe uku na rana agogon Ingila, wasu kuma daren Talata. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kuma ukunsu ita ce huɗun yamma a nan. Tun kakar 2024/25 kamfanin DAZN ne ke nuna gasar ta intanet, ƙungiyoyi da yawa kuma suna saka taƙaitaccen bidiyon wasanninsu kyauta a YouTube kwana ɗaya ko biyu bayan an tashi.